Dila da Kiban Auta

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

To, ta ƙaraso mu ji ta.

Dila ne da ƙanensa Auta, dukansu maharba. Duk rani Auta ke kada babban nama, shi makaɗa ke wa kirari. Abin yana cin Dila a rai.

Ranar rufe farautar bara, Auta zai gangara rafi ya ce, "Yaya, riƙe min kwarina." Dila ya zare kiban ya goge dafinsu tas da ganye, don dai ƙanen ya koma gida hannu rabbana ko sau ɗaya.

Can suka ci karo da Ɓauna. Auta ya ɗana ya saki, kibiya ta kafe mata a wuya. Ya tsaya jiran dafi ya kama. "Yaya, kar ka ɓata kibiyarka, yanzu za ta faɗi."

Ba ta faɗi ba. Ta juyo ta tsire shi da ƙaho, nan ya cika.

Bana Dila ya fita shi kaɗai, ya kawo barewa gaban tsohuwarsu. "Inna, ga nama."

Ta daɗe tana kallonta. "Sannu. Da Auta ne, gwanki zai kawo."

Dila ya so ya yi kuka, amma ƙyashin ya riga hawayen zuwa.

Ƙurunƙus, nan na yar da kan kusu.