Tasalla da Baƙon Lokacin Tuwo

To, ku gyara zama, ga ta nan ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

An yi wata mata wai ita Tasalla. Mijinta ya tafi ci-rani, ya bar ta da 'ya'ya uku da uwarsa tsohuwa, ga hatsi ya ja baya a rumbu. Sau ɗaya ake tuƙa tuwo a gidan, da la'asar.

Ran nan an ajiye akushi ke nan sai ga sallamar Gizo. Kun san mu, wanda ya tarar ana ci ba a hana shi. Tsohuwa ta ce, "Bismillah, Malam Gizo." Ya wanke hannu ya kutsa cikin yara.

Ya ce, "Yara, kun san wani abin mamaki? Duk duniya ba mai iya lasar gwiwar hannunsa."

Yara suka saki tuwo, kowa ya zaro harshe yana murɗa wuya. Ke Hanne da ke zaune nan gabana, sauke hannunki, ke ma ba za ki iya ba! Kafin su gaji, Gizo ya suɗe akushi tas, ya yi hamdala ya kama gabansa.

Washegari ya dawo. "Kun san ba mai iya atishawa ido a buɗe?" Yara suka ruga madafa shaƙar yaji. Suka dawo da hawaye, akushi wayam.

Ya sake dawowa, marar kunya. "Kun san mutum ba ya iya yi wa kansa cakulkuli?" Suka duƙufa suna tsokanar hammatarsu, shi kuwa yana ta zuba loma.

Auta ya kwana yana kukan yunwa, ran Tasalla ya ɓaci matuƙa. Ta ce wa tsohuwa, "Inna, gobe korar shi zan yi."

"Kul! A gidan ɗana? So kike a yi da mu a gari?"

"Ki gafarce ni, Inna, amma wallahi 'ya'yana sun gama kwana da yunwa saboda ƙato."

Ashe Kazar gidan na jin su. Ta matso ta ce, "Uwar gida, ni ma ko ɓarɓashi na daina gani. Ɗauko kwanon tangaran ɗinki na aure. Dangin Gizo nawa na tsinta a irinsa, sun faɗa sun kasa fita, na yi kalaci da su!"

Da la'asar Gizo ya iso. Zai buɗe baki Tasalla ta tare shi. "Malam, yau ni ce da abin mamaki. Yara, kun san duk wayon gizo ba ya iya fita daga kwanon tangaran?"

Gizo ya ce, "Ƙarya ce! Ni da nake hawa rimi?" Ya daka tsalle ya faɗa ciki. Ya yunƙura, suuu, ya zame. Ya sake, ya zame. Ya haɗa ƙafafunsa takwas ya yunƙura, ya koma rigingine.

Tasalla ta ce, "Ku ci tuwonku."

Tsohuwa ta ce, "Haba Tasalla, baƙo ne fa!"

"Ai ban kore shi ba, Inna. Kwanon da ya fi kowanne kyau a gidan nan na ba shi."

Gizo yana jin ƙamshin miyar kuka, ya ɗaga murya. "Yara! Kun san kada ba ya iya zaro harshensa? Ku je rafi ku duba!"

Auta ya ce, baki cike, "Bari mu ƙoshi tukuna."

Sai da suka suɗe hannu sannan Tasalla ta ɗauki kwanon ta zazzage shi a bayan danga, Kaza ta bi shi a guje.

To kun ji. Labari mai daɗi ku saurare shi, amma hannunku na cikin akushi. Kuma kar kunyar baƙo ta sa ku bar naku da yunwa.

Ƙungurus, na ɗora ta kan kusu, ya shige rami da ita.