Fitilar da Auta Ya Rufe

Akwai wani mai haɗa wa motoci kayan sauti, duk layin masu gyaran mota Mai Sauti suke ce masa, a gida kuwa Auta ne. Gaskiya ya iya aikinsa. Idan ya gama da mota aka kunna kiɗa, har gilashin shagon maƙwabci sai ya yi rawa. Aibinsa guda ne, bai taɓa buɗe baki ya ce "na yi kuskure" ba. Kun san irinsu, kowane layi ba a rasa guda.

Yayansa ne ya riƙe shi tun bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon sana'ar. Yayan mutum ne mai sanyin hali, aikinsa raba ƙwai a shaguna da 'yar motarsa. Wata rana rediyon motar ya mutu, sai ya kawo wa ƙaninsa.

"Auta, duba mini wannan. Labarai kawai nake so in riƙa ji a hanya."

"Haba Yaya. Ƙaninka ke wannan sana'a, kana yawo da wannan gwangwanin? Ai ni kake ba kunya. Bar mini motar kawai."

Yayan ya yi dariya ya miƙa masa makulli. "To, kar dai kiɗan naka ya fasa mini ƙwai."

Ba zan zalunce shi ba, da ƙauna Auta ya fara aikin. Ya zaɓo sabon rediyo da sifiku masu kyau, ya ce amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, a ƙarƙashin kujerar direba za ta zauna. Dole kenan a kwance kujerar.

A ƙarƙashin kujerar akwai wani soket mai ruwan ɗorawa. Duk wanda ya koyi aikin ya san ba a taɓa shi sai an cire kan batir. Auta ma ya sani. Amma yana so ya riƙa gwada sauti yana aiki, masu wucewa suna tsayawa kallo, sai ya bar batir a haɗe. Da ya ja kujerar baya, wayar ta fizgo soket ɗin, wani ɗan siririn ƙarfe a cikinsa ya karye. Ya mayar ya danna, ya ci gaba da aikinsa.

Da ya gama ya tayar da mota, sai ga wata jar fitila a gaban sitiyari, hoton mutum a zaune da ƙwallo a gabansa. Ya kashe ya sake kunnawa, tana nan. Ya cire kan batir ya jira ya mayar, tana nan daram.

Ga wanda bai sani ba, wannan ce fitilar jakar iska, jakar da ke fitowa daga cikin sitiyari ta tare fuskar direba idan aka yi karo. A irin wannan motar, muddin fitilar tana kunne, jakar ba za ta buɗe ba. Auta ya san haka sarai. Duk da haka ya miƙa wa yayansa makulli bai ce komai ba.

Washegari sai ga motar ta dawo, matar yayan tana zaune a gaba. Ita ta fara magana.

"Auta, ka saka mana kiɗa ka ƙara mana da fitila kyauta? Wannan mutumin mai ƙwallo kafin ka taɓa ta babu shi."

"Anti kenan, idonki ba ya barin komai. Ku bar ta, ku dawo da yamma."

Gyaran ba ɓoyayye ba ne. A nemo sabon soket, sannan a jona wa motar kwamfuta ta tabbatar da inda laifin yake, a goge shi. Kwamfutar kuwa a tsallaken titi take, a shagon wani mai gyaran waya da Auta ya sha yi wa ba'a a gaban mutane, yana cewa wanda sai na'ura ta gaya masa abin da ya lalace ai ba makaniki ba ne.

Ya tsaya a bakin shagonsa yana kallon tsallake. Ya hango kansa yana tura motar yayansa can, duk layi suna kallo, ana cewa Mai Sauti ya ɓata ya kasa gyarawa.

Sai ya koma cikin motar, ya kwance mitar gaban sitiyari, ya yanko baƙin salatif kamar girman farce, ya manna a kan fitilar ta ciki. Ya mayar da komai ya ɗaure. Ya tayar da mota, babu ja ko ɗigo.

Da yamma matar yayan ta tambaye shi abin da ya sami motar.

"Waya ce ta saki, Anti. Ba wani abu ba ne."

Yayan ya dafa kafaɗarsa. "Ban gaya miki ba? Hannun Auta ba ya kuskure."

Auta ya ce wa ransa zai nemo soket ya gyara a ɓoye, mako mai zuwa. Makon ya zo ya wuce, wani ma ya wuce. Ba wai ya manta ba ne. Duk lokacin da ya ga motar ta shigo layi, sai ya kau da kai. Sau ɗaya ya yi ƙarfin hali.

"Yaya, ka kawo motar nan in sake dubawa."

"Me za ka duba? Lafiyarta lau. Ko akwai wani abu ne?"

Nan ne wurin da ya kamata ya yi magana, jama'a. Ya ce, "A'a, babu komai."

Da rana tsaka abin ya faru. Wata tifa ta taka birki a mahaɗar hanya, yayan yana bayanta, ya afka mata. Ba gudu yake yi ba, kuma da bel ɗin kujera a jikinsa. Waɗanda suka gani sun ce irin wannan karon mutane kan fito da ƙafarsu. Amma shi fuskarsa ce ta daki sitiyari. Likitoci sun ceto ransa, idanunsa ne suka kasa cetowa.

Auta ya je inda aka ja motar aka ajiye. Ƙwai ya fashe ya bushe a kan kujeru, ƙudaje sun cika ta, wari ba a magana. Sitiyarin ya lanƙwashe ta sama. Murfin tsakiyarsa kuwa, inda jakar take, ko tsagewa bai yi ba.

Masu zuwa dubiya kowa da nasa bayanin. Wani kawunsu ya ce ai motocin hannu haka suke, ana zare jakar tun kafin a sayar. Yayan, da bandeji a fuskarsa, ya gyaɗa kai.

"Ni ma haka nake zato, Kawu. Da laifin a waya yake, da Auta ya gani. Shi ya duba ta da kansa."

Auta yana zaune a bakin gado, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Bayan an sallame shi, yayan ya zama ɗan zaman ɗaki. Mutumin da kafin gari ya waye ya zagaye rabin shaguna, yanzu sai an kama hannunsa zuwa banɗaki. Matarsa ta fara ɗinki a tsakar gida don yara su ci abinci. Wata rana ya kira ƙaninsa.

"Auta, rediyon nan da ka saka mini, in bai lalace ba ka ciro shi ka haɗa mini a nan. Yanzu kunne kawai ya rage mini."

Ya ciro ya haɗa masa a gefen gado, ya kama yatsan yayan ya nuna masa inda ake murɗawa. Yayan ya yi ta sa masa albarka.

Zai fita kenan, matar yayan ta tsayar da keken ɗinkinta ta biyo shi bakin ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Jiya maƙwabcinmu ya kai mu asibiti, motarsa irin tamu ce. Da ya tayar, mutumin nan mai ƙwallo ya fito, sannan ya ɗauke. Na tambaye shi, ya ce haka take yi in lafiyarta lau. Auta, tamu tun ranar da ka gyara ba ta sake fitowa ba, ko sau ɗaya."

Ta matso kusa da shi.

"Gyara ta ka yi, ko rufe ta ka yi?"

Ya sunkuyar da kai. Hawaye suka zubo mata, ta share da gefen mayafi.

"Ba zan gaya masa ba. Ba don kai ba. An raba shi da idonsa, an raba shi da sana'arsa, ba ni zan raba shi da ƙaninsa ba. Amma ka sani na sani."

Daga cikin ɗaki yayan ya ɗaga murya. "Auta bai tafi ba? Ce masa sautin ya fita tas."

Har yanzu kullum da safe Auta yakan zo ya kama hannun yayansa ya fito da shi ƙofar gida ya sha iska. Duk wanda ya tsaya gaisuwa, sai yayan ya lalubo kafaɗar ƙanin ya ce, "Ga idona nan. Allah ya ba kowa ƙane irin nawa." Auta yana tsaye yana ji, kuma gobe ma zai sake ji.

Darasi: Idan ka ɓata abu, ka faɗa tun ana iya gyarawa. Kunyar cewa "na yi kuskure" ta yini guda ce, amma abin da girman kai ya rufe wani ne zai biya da jikinsa, kuma sau da yawa wanda ya fi yarda da kai ne. Masu mota, in jar fitila ta kunnu, a nemo dalilinta, kar a nemi yadda za a kashe ta. Ku tura wa duk direba da duk mai gyaran da kuka sani.