Rigar da Ba a Wanke Ba

Akwai wata mata a wani ƙauye na bakin kogi. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda, da gonar dawa, da wani baƙin kare. Sunan yaron Kefas, saboda haka kowa Maman Kefas yake kiranta. Karen kuwa sunansa Duna. Marigayin ne ya kawo shi gida a aljihun riga tun yana ɗan kwikwiyo, ya ɗora shi a cinyar yaron ya ce, "Ga ƙaninka." Tun daga ranar, duk inda ka ga Kefas, in ka duba bayansa za ka ga Duna.

Matar nan tana da wani hali da duk ƙauyen ya san ta da shi, wato tsabta. Ba ta iya ganin datti ta wuce. In baƙo ya ajiye hularsa ya juya baya, sai ya same ta a kan igiyar shanya tana ɗiga. Matan zumuntar coci sukan yi mata tsiya, su ce ranar tashin matattu kowa zai fito da gudu, ita kuwa sai ta tsaya ta wanke likkafaninta tukuna. Ita ma dariya take yi, ta ci gaba da cuɗa wankinta.

Ana tsakiyar damina, Kefas ya hau itacen ɗinya, reshe ya ɓalle da shi, ya faɗo a kan ƙafarsa ta dama ta karye. Aka ɗauke shi aka haye kogi da shi zuwa gidan wani tsoho mai ɗori. Tsohon ya ja ƙafar, ya daidaita ƙashin, ya ɗaure ta da tsagaggen gora, yaron yana ihu, uwarsa ta riƙe masa kai tana hawaye. Da ya gama sai ya ce, "'Yata, yaron nan a wurina zai zauna. Ba zai taka ƙasa ba, ba zai shiga kwale-kwale ba, sai ƙashin ya kama."

Duna ya bi su har bakin ruwa, amma mai fito ya kore shi. Can ya zauna yana kallon ƙetare, ruwan sama yana dukansa, bai koma gida ba sai da ciwo ya kama shi. Ya yi ta amai, jikinsa ya yi zafi, ya shige ƙarƙashin rumbu ya kwanta. Matar ta kira malamin dabbobi, ya zo ya yi masa allura. Aman ya tsaya, amma karen bai tashi ba. Malamin ya sake leƙowa ya ce mata, "Magani ya yi nasa. Saura abinci. In bai ci ba, ba zai kai labari ba."

Ga matar nan, ita kaɗai, da majinyata biyu, kogi ya raba su. Da sassafe ta dama kunu, ta zuba wa Duna nasa a kasko, ta ɗauki na Kefas ta nufi bakin ruwa. A can ta goge wa yaron jiki, ta juya shi, ta gyara masa shimfiɗa. Ta dawo ta tarar da kaskon yadda ta bar shi, ƙudaje ne kawai suka yi biki. Ciyawa kuma ta cinye gona, ba ta jiran kowa ya warke. In tana wurin yaron hankalinta yana kan karen, in tana wurin karen tana tunanin ko yaron ya nemi ruwa bai sami mai miƙa masa ba. Ta gwada wa Duna ƙanzo, ta gwada romo, har kan kifi ta sa masa, abin da a da sai an ɓoye masa. Ya dube shi ya kawar da kai.

Kullum ta sa ƙafa a ɗakin jinya, kafin Kefas ya gaishe ta sai ya ce, "Mama, Duna ya ci?"

Takan ce, "Yana nan."

Wata rana ya ce, "Mama, ba yana nan na tambaye ki ba."

Ba ta saba yi masa ƙarya ba, sai ta gaya masa gaskiya. Yaron bai yi kuka ba. Ya ture kwanon kunu, ya juya fuska ga bango. Tun daga nan shi ma ya rage ci, sai an yi ta lallashi ya kurɓi kaɗan. Mai ɗori ya taɓa ƙafar ya girgiza kai ya ce, "'Yata, ni ƙashi nake haɗawa, amma ƙashi ba ya kamawa a jikin da babu abinci."

Ta ce, "Baba, ka bari in kawo masa karen, ko sau ɗaya su ga juna."

Ya ce, "Kare marar lafiya, a gidan da masu rauni suke kwance? A'a, 'yata. Ki yi haƙuri."

Wata maƙwabciya ta leƙo ta kan danga, ta ga matar durƙushe gaban rumbu tana roƙon kare ya ci, sai ta ce, "Haba Maman Kefas, kare ne fa. In ya mutu a samo wa yaro wani kwikwiyo." Matar ta ƙara tura wa Duna kaskon. Kwikwiyo kam ba ya wuyar samu. Amma hannun da ya kawo wannan ba zai sake kawo wani ba, ta kuma san idan Duna ya mutu kafin yaron ya dawo, Kefas zai yi rashin ubansa karo na biyu.

Wata rana da yamma ta dawo daga ƙetare da rigar da ta cire wa Kefas, za ta wanke. Rigar ta sha zufa da man ɗori. Amma gajiya ta ci ƙarfinta. Ta yar da ita a bakin ƙofa, ta zauna a kan turmi, ta ce bari ta ɗan huta. Tana zaune sai ta ji motsi. Duna ne ya fito daga ƙarƙashin rumbu yana jan ciki, haƙarƙarinsa duk a waje. Ya isa wurin rigar, ya shinshina ta, ya tura hancinsa cikin wuyanta, ya kwanta a kai. Wutsiyarsa ta bugi ƙasa a hankali. Can ya ɗaga kai, ya miƙa wuya ga kaskon, ya lashi kunu.

Matar ta yi murna, ta ce, "Allah na gode, allura ta kama." Washegari da safe, da yake hali ba ya barin mai shi, ta janye rigar daga ƙarƙashin karen, ta sa mata sabulu, ta cuɗa, ta ɗauraye, ta shanya. Da ta bushe ta ga Duna yana ta kallonta, sai ta shimfiɗa masa ita fes, tana ganin ta kyauta masa. Ya shinshina gaba, ya shinshina baya, ya juya ta da ƙafa yana nema. Bai sami abin da yake nema ba. Ya dubi matar, ya ja jikinsa ya koma ƙarƙashin rumbu, bai ko kalli kaskon ba.

Nan ta tsaya da rigar a hannu, ta kai ta hancinta, ba ta ji komai ba sai sabulu. Sai ta tuna. Lokacin da mijinta ya rasu, kafin ma a watse daga zaman makoki, ta kwashe tufafinsa duka ta wanke, ta ninke su tsaf. Daga baya, da gidan ya yi shiru, ta buɗe akwati tana neman ƙanshin jikinsa a riga ko ɗaya, ba ta samu ba. Ita da hannunta ta wanke shi. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai yawa, na mijinta da na ɗanta da na karen duka a haɗe, gama kewa ce take cin su su uku, ita da yaron da karen, ita kuwa sai yau ta gane.

Da ta haye kogi ta miƙa wa Kefas rigar ta ce, "Sa wannan. Ka wuni da ita, ka kwana da ita, gobe zan kai wa Duna."

Ya ce, "Mama, ba za ki wanke ba?"

Ta ce, "Ba zan wanke ba. Amma kai ma sai ka ci. Riga ce kawai zan iya kai masa, shi kuwa kai yake jira. In ƙafar nan ba ta kama ba, wa zai koma masa?"

Yaron ya jawo kwanon ya shanye kunun tas.

Haka rigar ta shiga zirga-zirga. Ta kwana a jikin Kefas, ta haye ruwa ta kwana a ƙarƙashin Duna, ta sake hayewa cike da baƙin gashi. Yaron yakan tsince gashin ɗaya-ɗaya yana tambaya, "Ya yi haushi yau? Ya kori kaji?" Rigar kuwa ta zama abin da ta zama. Matan da suke shiga kwale-kwale tare da ita suka fara toshe hanci suna dariya, suna cewa, "Yau ga ikon Allah, Maman Kefas da tsumma a kai! Ko sabulu ya ƙare a duniya?" Ta ce musu, "Ku bar ni, magani ne."

Kada ku ɗauka rigar ta raba Duna da kewa. Ba ta raba shi ba. Yana ci, amma daidai abin da zai riƙe rai. Yana kwance a kanta, amma idonsa kullum yana kan ƙofa. In wani yaro ya wuce a waje sai ya ɗaga kunne, in ya ji ba shi ba ne ya mayar da kai ƙasa. Rigar ta riƙe shi ne kawai, ta hana shi manta wanda yake jira.

Ruwa ya fara ja baya, dawa ta fitar da kai, sai mai ɗori ya kwance ƙafar, ya ba yaron sanda ya ce, "Je ka gida." Suka haye kogi, suka kama hanya a hankali, Kefas yana dogara sanda. Duna ya ji takun, amma bai san shi ba, gama yaron da ya sani da gudu yake shigowa. Bai motsa daga kan rigar ba. Sai Kefas ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Duna!"

Karen ya tashi. Rigar da ba ya barin kowa ya taɓa sai matar, ya taka ta ya wuce. Ya yi kan yaron yana kuka yana tsalle har sandar ta faɗi, su biyu suka zube a ƙasa, uwar tana ihu, "Ƙafar! Ku kula da ƙafar!" tana dariya, hawaye yana zuba. Ran nan Duna ya cinye tuwonsa ya lashe kasko. Bai sake waiwayar rigar ba, matar kuwa ta ɗauke ta ta kai ta bakin rijiya.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, mu ne muke kwance a bakin ƙofa, Ubangijinmu kuwa yana ƙetare, idonmu bai gan shi ba tukuna. Akwai wani ciwo a zuciyar mai bi wanda abinci ba ya warkarwa, sabuwar riga ba ta warkarwa, amfanin gona mai yawa ma ba ya warkarwa. Kewarsa ce. Wasu za su leƙo ta kan danga su ce maka ka samo wani abu ka sa a madadinsa. Kada ka saurare su.

Bai bar mu hannu wofi ba. Ya bar mana maganarsa, da addu'a, da gurasa da ƙoƙo na Jibin Ubangiji, da 'yan'uwan da suke zaune kusa da kai a kan bencin nan. Waɗannan su ne rigar, ƙanshinsa yana jikinsu. Amma ku lura da kuskuren matar nan, don namu ne. Mukan wanke rigar. Mu zo sujada fes, waƙa daidai, sahu daidai, komai a goge, mu koma gida ba mu yi marmarinsa ko kaɗan ba. In ka buɗe maganarsa ba ka ji komai ba sai sabulu, ka durƙusa ka roƙe shi ya mayar maka da ƙanshin.

Ke kuma da kike tsakanin gaɓa biyu, mai jinya nan, mai jinya can, gona tana jira, ba wanda ya ce miki sannu, Ubangiji yana ganin kowace hayewa da kika yi. Wataƙila abin da kike ɗauke da shi a kai tsumma ne a idon mutane, amma da shi ake riƙe ran wani.

Yara, in kun ji kewar nan, kada ku ji tsoro, kada kuma ku nemi ku rabu da ita. Ku ci abincinku, ku kwanta a kan rigar, ku bar idonku a ƙofa. Ba mu san irin takun da zai zo da shi ba, amma muryarsa ba za ta ɓace mana ba. Ranar da ya tsaya a bakin ƙofa ya kira sunanka, za ka bar rigar a ƙasa ka tashi.