Fenti Kan Tsatsa

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mu ga inda za ta kwana.

Wata rana Kura ta leƙa banɗakinta, ta ga daron ƙarfen da take wanka a ciki ya yi tsatsa, bokiti ya yi tsatsa, kan famfo ma ya yi jajir. Ga shi surukanta suna tafe. Sai ta aika a kira Bushiya, wadda duk dajin ba wanda ya kai ta iya fenti.

Bushiya ta duba, ta ce, "Yaya Kura, aikin kwana uku ne. Yau in kankare tsatsa da ƙayata. Gobe in yi shafin fari, ya bushe. Jibi in yi na biyu. Ladana mudu uku na gyaɗa."

Ashe Kurege yana kan katanga. Da jin gyaɗa ya diro.

"Kwana uku? Haba Yaya, sai ka ce haƙar rijiya! Ni kafin azahar na gama."

Bushiya ta ce, "Fenti ba ya zama a kan tsatsa."

Kura ta daka mata tsawa, ta kore ta, ta ba Kurege aikin da gyaɗar. Ku ji zalunci, jama'a! Mai sana'a ta fita da kunya, ɗan cin amana ya shige da buroshi.

Kurege ya ci mudu ɗaya, ya ce wannan na kankara ne. Ya ci na biyu, ya ce wannan na shafin fari ne. Ya ci na uku, sannan ya tuna akwai aiki. Ya ɗebo baƙin fenti ya lafta kan tsatsa, kan dauɗa, kan guntun sabulu. Wani kyankyaso da ke barci a gindin daro ma bai tsira ba.

Kura ta ga daro yana ƙyalli, ta washe haƙora. Ta dafa ruwa, ta tuttula, ta shiga, ta dirje jikinta da soso. Fenti kuwa ya ɓaɓɓare, ya bi ruwa, ya mammanne mata. Ta fito dabbare-dabbare.

Kurege ya ruga rami, tumbi ya hana shi shiga. Kura ta cafko wutsiyarsa.

"Yau sai na ci ka ɗanye!"

Amma bakin Kurege bai mutu ba. Ya ce, "Ci ni, Yaya, ni na jawo. Sai dai in kin ci ni, wa zai faɗa miki yadda ake cire fentin nan kafin surukai su iso?"

"Faɗi!"

"Ki zauna a rana kwana uku. Ba ruwa, ba susa. In ya bushe ƙarau, da kansa zai zube kamar ɓawon gyaɗa."

Ta sake shi, ya yi ta kansa.

Kura ta zauna. Fata ta sha soso tas, ga rana, ga haƙuri. To me kuma fenti yake nema a duniya? Ya kama ram.

Surukai suka iso, suka riƙe baki. "Wa ya yi miki wannan?"

Kunya ta hana ta faɗin gaskiya. Ta ce, "Ado ne. Kurege na sa ya yi mini."

Damina goma ta wuce, adon bai koɗe ba. Labari ya bazu cewa fentin Kurege ba ya tashi. Wallahi abin da takaici: dabbobi suka yi layi a bakin raminsa, kowa da bokitinsa da mudun gyaɗarsa, ƙofar Bushiya kuwa ko kare ba ya leƙawa. Shi ya sa har yau, ko taɓa ta aka yi, sai ta dunƙule don haushi.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu! Mai son fenti ya daɗe, ya kankare, ya jira ya bushe. Mai son suna kuwa, ya nemi wawan da kunya za ta rufe wa baki. Ni dai kada wanda ya ce ni na faɗa, don Kura tana nan da haƙoranta.