Sakatar Baba Direba

Akwai wani mai walda da ake ce wa Tartsatsi, ba don sana'arsa kaɗai ba, har da bakinsa. Hannunsa a buɗe yake, wannan ko maƙiyinsa zai shaida. Amma ka ce masa aikinsa na son gyara, ka ga yadda ido ke ja. Irin mutanen nan ne da za su yi maka alheri, su kuma hana ka nuna inda yake maka ciwo.

Shi ne shugaban zumuntar maza a cocinsu. Ikilisiyar tana da al'ada, lokaci zuwa lokaci takan zaɓi wata ƙungiyar taimako a unguwa ta je ta sa hannu. Mata su yi wanki da girki, matasa su yi shara da fenti, maza su gyara abin da ya karye.

Wannan karon sun zaɓi wani ɗan gida da ake riƙon tsofaffin da ba su da kowa. Wata ma'aikaciyar jinya da ta ajiye aiki ce ta buɗe shi, kowa na kiranta Mama Nas. Ɗakuna ne a jere, ƙofofinsu na katako duk gara ta cinye. Tartsatsi ya buga ƙirji ya ce shi zai sa musu na ƙarfe, har da ƙarafan taga, kyauta.

Mama Nas ta yi godiya har da ƙwalla. Sannan ta ce, “Abu ɗaya, ɗana. Ban da sakata ta ciki. A gidan nan ba a kulle ƙofa ta ciki.”

“Haba Mama, ƙofar da ba sakata ai labule ce.”

“To labulen nake so. Yi mini na ƙarfe.”

Aka yi dariya, ban da shi. Bai tambaye ta dalili ba, ita ma wata tsohuwa ta kira ta, ta wuce.

A ɗakin ƙarshe akwai wani dattijo, Baba Direba, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kan babbar mota. Yana da ciwon suga, kullum da safe Mama Nas ke yi masa allura. Shi da Tartsatsi jininsu ya haɗu, ba sa gaisawa sai da tsiya. Ranar da ake kafa masa ƙofa ya jawo mai waldan gefe.

“Kai mai baƙin hannu, zo. Ni fa a tsufana ko wando zan canza sai na riƙa tari, don kar a faɗo mini. Sa mini 'yar sakata mana. Ba sai matar nan ta sani ba.”

Gaskiya roƙon dattijon ba na banza ba ne, kowa na son sirrinsa. Amma maimakon Tartsatsi ya kai maganar inda ta dace, sai ya kashe ido ya ce, “Baba, ita ta san allura, ni na san ƙofa.” Ya liƙa masa sakata mai kaurin babban yatsa, can sama a bayan ƙofar, inda mai shigowa ba zai lura ba.

Wata Lahadi ana tsakiyar wa'azi wayarsa ta fara rawa a aljihu. Ya kashe. Ta sake. Da ya ga ba za a bar shi ba, ya sulale waje yana tsaki.

Mama Nas ce. Muryarta ƙasa ƙasa, kuma wannan ya fi ihu tsorata shi.

“Me ka sa a bayan ƙofar Baba Direba?”

Kafin ya amsa ta ci gaba.

“Na yi masa allura, na je ɗauko masa abinci, na dawo ƙofa ta ƙi buɗuwa. Ina hango shi ta taga, yana ƙasa. Sugansa ne ya faɗi. Idan ban kai gare shi yanzu ba, ko ya mutu ko ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Zo ka buɗe abinka.”

Bai san lokacin da ya hau babur ba. Ya biya shago ya ɗauko guduma da injin yanka ƙarfe, yana sanye da fararen kayan sujada.

Ya tarar da tsofaffin gidan sun fito tsakar gida, wasu da sanda, wasu dafe da bango. Mama Nas na manne da tagar, ta zura hannu har kafaɗa tsakanin ƙarafan, da cokalin zuma a hannun. Tsakanin cokalin da bakin dattijon bai fi tsawon tabarma ba.

Tartsatsi ya leƙa. Baba Direba na kwance a gefen gado, wando a gwiwa, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Idonsa a buɗe, amma ba ya kallon komai. Ƙafarsa ɗaya na karkarwa.

“Baba,” in ji shi. “Baba, ni ne, mai baƙin hannu. Zage ni mana.”



Ya ɗauki guduma ya far wa ƙofar. Ko lotsawa ba ta yi ba. Shi ya zaɓi farantin ƙarfen da kansa, mafi kauri a shagonsa. Shi ya ɓoye maƙalan ƙofar ta ciki don kar ɓarawo ya zare su. Shi ya narka bakin ƙofar da rodin bango. Duk dabarar da ya san ana karya ƙofa da ita, shi da hannunsa ya toshe ta.

Ya jona injin yanka a soket. Ba wuta. An ɗauke tun safe.

“Mama, ba ku da janareta?”

“Da me za mu saya?” ta ce, ba ta ko juyo ba. “Baba, ka ji ni? Kar ka yi barci. Ba ni labarin motar nan taka da ta ƙi birki.”

Tartsatsi ya kira Fasto. Bai ɗauka ba, ai yana kan bagade. Ya kira mai kula da na'urar sauti, ya ce masa da kuka a murya, “Kashe janaretan coci ku kawo gidan Mama Nas. Mutum zai mutu, kuma ni na kashe shi.”

Aka ce Fasto na tsakiyar magana lasifika ta ɗauke, fanka ta tsaya. Da aka raɗa masa, ya rufe Littafi ya ce, “Sauran wa'azin yana can.” Maza suka ɗora janaretan a bayan wata 'yar mota, rabin ikilisiya suka bi a ƙafa.

Kafin su iso, ƙafar dattijon ta daina karkarwa.

Tartsatsi ya gani. Ya dubi Mama Nas, yana so ta ce wannan alamar sauƙi ce.  Ta daina kiran dattijon, leɓenta kawai ke motsi. A nan ya zauna daɓas a ƙasa, ƙaton mutum, yana ta maimaita, “Ya Ubangiji, kar ka ɗora mini wannan.”

Da suka iso, janareta na tashi ya miƙe. Ya bar ƙofar, ya san za ta ci lokaci, ya koma kan ƙarafan taga. Tartsatsin wuta na zuba a kan farar rigarsa yana huda ta, bai ji ba. Ya yanke na farko, ya yanke na biyu. A na uku faifan injin ya tsage, wani ɓalli ya yanke shi a kunci. Ya jefar da injin, ya kama ƙarfen da zafinsa ya lanƙwasa shi da hannu.

Kafar da ta buɗe ba ta isa shi ba, ba ta isa Mama Nas ba. Fasto, wanda siriri ne kamar sandar rake, ya tuɓe kwat ya miƙa wa matarsa.

“Ku tura ni,” ya ce. “Kullum kuna cewa ba na cin abinci, ga amfaninsa.”

Ba wanda ya iya dariya. Aka tura shi ya faɗa kan gadon, ya lalubo sakatar ya ja. Mama Nas ta shige kamar iska, ta durƙusa, ta juya dattijon gefe, tana goga masa zuma a dasashi. Wata mata ta cire mayafinta ta rufe masa jiki. Aka ɗauke shi zuwa asibiti a motar da ta kawo janareta.

Baba Direba bai mutu ba. An sa masa ƙarin ruwa, ya farfaɗo, bayan kwanaki aka sallame shi.

Kafin ya dawo, Tartsatsi ya je gidan da tafin hannu a naɗe da bandeji. Ya tsaya gaban Mama Nas kai a ƙasa.

“Mama, ki faɗa mini abin da ya kamata in yi.”

Ba ta zage shi ba, ko da yake da ta zaga ba wanda zai ga laifinta. Ta ce, “Da ka tambaye ni, da na ce ka yi masa makullin da ke buɗuwa ta waje, ɗan mabuɗin yana wuyana. Ya samu sirrinsa, ni in samu hanyata. Ni ma ba na son ganin tsiraicin uban wani.”

Haka ya yi wa kowane ɗaki.

Ranar da aka dawo da dattijon, ya shiga gaishe shi. Baba Direba na zaune a bakin gado, ya rame, hannunsa a cinya. Tartsatsi ya durƙusa ya miƙa masa hannu, yana jiran tsiyar da aka saba.

Dattijon ya dube shi da kyau, ya yi murmushi irin na ladabi, wanda ake yi wa baƙo.

“Sannu da zuwa, yaro. Kai ɗan wane ne?”

Har yanzu duk Asabar Tartsatsi na zuwa yi masa aski, kuma duk Asabar sai ya faɗa masa ko shi waye.

Darasi: Kyakkyawar niyya ba ta isa ba. Idan za ka taimaki marayu, tsofaffi ko marasa lafiya, ka fara sauraron wanda yake kwana yana tashi da su. In ya ce kar a yi, tambayi dalili kafin ka nuna gwaninta, domin kai za ka koma gida, su za a bari da abin da ka ƙera. Ku tura wannan ga 'yan zumuntarku da duk wata ƙungiya mai shirin fita aikin taimako, su karanta kafin su ɗauki kayan aiki.