Jif ɗin Likitan Shanu

Akwai wani dattijo da kowa ke kira Likitan Shanu. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana yawon yi wa dabbobi rigakafi a ƙauyuka, cikin wata jif mai ruwan toka da ya saya tun yana da ƙarfinsa. Dajin da yake shiga babu gareji, don haka shi ne direbanta, shi ne makanikenta.

Bayan ya ajiye aiki sai ciwon ido ya kama shi. Ganinsa ya riƙa raguwa a hankali har ya tafi gaba ɗaya. Aka tura jif ƙarƙashin rumfar kwano a tsakar gida. Nan ta shekara huɗu, tayoyinta suka sace, ɓeraye suka mai da ita gidansu.

'Ya'yansa biyu ne. Babban ɗan, ma'aikacin banki ne, har a gida Manaja ake ce masa. Ƙaramar kuwa Auta, malamar firamare, ita ke zaune da Baba tun rasuwar mahaifiyarsu.

Baba yana da yaya guda ɗaya, wadda yaran ke kira Gwaggo. Ita ta goya shi bayan uwarsu ta rasu yana ɗan shekara uku. Tana can wani ƙauye a bayan duwatsu. Daga inda kwalta ta ƙare, sai an yi awa uku a hanyar da ƙaramar mota ba ta iya bi. A kan babur kuwa, bayan Baba ba zai jure ba. Rabonsa da ita shekara shida.

Wata Laraba aka kira daga ƙauyen, layi yana ta yankewa. Abin da Auta ta iya tsinta shi ne Gwaggo ta daina tashi daga gado, kuma ba ta da magana sai ta ƙanenta.

Auta ta kira Manaja.

“Ki kwantar da hankalinki,” in ji shi. “Zan aro babbar mota a wurin aiki. Wannan satin dai ya cushe.”

Sati ya wuce, wani ya biyo baya. Baba ba ya ƙorafi. Sai dai duk sanda aka taɓa ƙofa yakan ɗaga kai ya ce, “Yayanki ne?”

Ranar Asabar da safe Auta ta same shi a tsaye ƙarƙashin rumfa, ya jingine sandarsa, yana shafa bonet ɗin jif da tafin hannu.

“Auta, saura nawa ruwa ya sauka?”

“Wata biyu, Baba. Ko ƙasa da haka.”

“In ya sauka hanyar ta rufe ke nan.” Ya ɗan bubbuga bonet ɗin. “Motar nan ba mutuwa ta yi ba. Zama ne ya yi mata yawa, kamar ni.”

“In kira makanike?”

“Biyu kika kawo bara. Ɗaya ya ce an daina yin kayanta, ɗaya ya ce a kai wa masu sayen tsohon ƙarfe. Ni na san ciwonta. Hannu mai ido kawai na rasa.”

Auta ta dubi hannuwanta. Ban da alli da jan biro ba ta san komai ba. Tuƙi dai a jif ɗin Baba ya koya mata, amma ko bonet ba ta taɓa buɗewa ba.

Ta ce, “Ga nawa, Baba, in za su yi.”

Daga ranar, in ta taso daga makaranta sai ta sa tsohuwar rigar aikinsa, ta naɗe hannun sau uku. Shi kuma ya zauna a kujera kusa da taya, akwatin sifanu a kan cinyarsa. Da yatsa yake gane kowace. In ta ce, “Baba, wannan ta yi girma,” sai ya lalubo ya miƙa mata, “Gwada sha uku.”

Suka zubar da tsohon baƙin mai, wanda ya yi kauri kamar kwalta. Suka sauke tanki suka wanke, don fetur ɗin ciki ya lalace har yana wari. Ta kwance fulogogi ɗaya bayan ɗaya, tana sa masa a hannu, yana shinshinawa yana cewa wannan a goge, wannan a yar. Wayoyin da ɓeraye suka ci kuwa, kwana biyar ta yi tana bin su, tana faɗa masa launi, shi yana faɗa mata inda kowace ta nufa.

Wani lokaci a tsakiyar aiki sai ya manta da ita ya shiga labari. Yadda Gwaggo take ɗaukarsa ta tsallake rafi da shi zuwa makaranta, ta ajiye shi a tsallake, ita ta koma gida domin ba a sa ta ba. Yadda take tsayawa sai ta ga ya shige aji. Sai muryarsa ta yi ƙasa, ya ce, “Ina muka tsaya?”

A sati na uku Manaja ya zo da sabuwar motarsa. Ya tarar da ƙafafun ƙanwarsa sun leƙo daga ƙarƙashin jif, ya tuntsire da dariya.

“Malama ta koma gareji! Baba, don Allah ku bar wahalar da kanku. Wannan ai gwangwani ce. Na ce zan kawo mota.”

“Yaushe, Yaya?” in ji Auta daga ƙasa.

“Ke ba ki san yadda aikinmu yake ba.”

Ya gaishe da Baba a tsaye, yana kaffa-kaffa kada takalminsa ya taka mai, ya tafi.

Washegari suka sa sabon batir. Auta ta murɗa makulli. Inji ya yi tari, ya yi tari, ya kama, amma motar sai karkarwa take yi.

Baba ya karkata kai yana saurare. “Kashe. Kin sauya wayar fulogi na uku da na huɗu.”

Ta duba. Haka ne kuwa. Da ta gyara, inji ya daidaita, Baba ya yi murmushin da ta daɗe ba ta gani ba.

Murnar ba ta yi nisa ba. Bayan minti goma ruwa ya fara tsiyaya daga inda babban tiyo ya haɗu da inji. Baba ya ce ta ƙara ɗaure ƙusoshin wurin, amma a hankali. Ita kuwa ta gaji, rana ta dake ta, fatar yatsunta duk ta saɓule. Ta danna sifana da ƙarfinta duka. Sai ji ta yi ƙas. Ƙusa ɗaya ta karye, rabinta ya maƙale a cikin inji.

“Ai na ce a hankali, Auta.”

Ta jefar da sifanar. “A hankali, a hankali! Baba, kai kana zaune ne kawai, ba ka ganin abin da nake fama da shi!”

Maganar na fita ta so ta mai da ita. Baba ya rufe akwatin sifanu, ya lalubi sandarsa, ya shige ɗaki.

Kwana biyu ba wanda ya je rumfa. A rana ta uku ta dawo daga makaranta, hadari ya ɗan taso daga gabas. Ta same shi shi kaɗai a gaban buɗaɗɗen bonet, ya cusa hannu yana laluben karyayyar ƙusar, yatsansa har ya yi jini.

Ta durƙusa a gefensa. “Baba, ka yafe mini.”

“Gaskiya kika faɗa, ba na gani,” ya ce. “Ko na je ba zan ga fuskarta ba. Hannunta kawai nake so in riƙe, in ce mata na gode. Shekara saba'in ban taɓa faɗa mata ba.”

Auta ta share ido da hannun riga, ta bar baƙin mai a kumatunta. “Yaya ake fitar da ita?”

Ya koya mata. Ta jiƙa wurin da mai ya kwana. Da safe ta ɗora bakin ƙaramin kurfi, wani ƙarfe mai kaifin baki, a gefen guntun, tana bugawa da guduma kaɗan kaɗan, tana juya shi ta hagu. Awa biyu tana yi. Da guntun ya faɗo a tafinta ta sa masa a hannu, ya jujjuya shi ya ce, “Ni sai da na karya uku kafin in koya.”

Aiki na ƙarshe shi ne birki, kuma fitar da iska daga birki sai mutum biyu: ɗaya yana takawa, ɗaya yana ƙasa yana kwance ƙaramin noti. Auta ta kama hannun Baba ta hau da shi kujerar direba. Rabonsa da kujerar shekara huɗu.

“Taka, Baba. Riƙe. Saki.”

Suka gama taya huɗu. Ta fito tana kakkaɓe jiki, ta ga bai sauko ba. Hannuwansa biyu suna kan sitiyari, fuskarsa tana fuskantar gilashi, kamar mai kallon hanya mai nisa. Ta koma gefe ta zauna, ta ƙyale shi.

Ranar tafiya ta kira Manaja ta ce akwai wuri a baya.

“A wannan motar? Ku dai je. Ni zan zo daga baya, in na samu sarari.”

Sun tashi da sassafe. Sau biyu inji ya yi zafi suka tsaya ya huce. Sau ɗaya taya ta yi faci, Auta ta canja da kanta. Baba yana gefe yana gane hanya da jijjigar mota. “Nan gaba akwai gangare, sa giya ta biyu.” Da la'asar suka shiga ƙauyen.

Aka kai shi ɗakin Gwaggo, aka zaunar da shi a bakin gado. Tsohuwa ta rame, sai idanu. Ta dube shi ta daɗe, sannan ta ɗago hannu da ƙyar ta shafa gemunsa.

“Sarkin Kuka,” ta ce. “Wa ya ba ka izinin yin furfura?”

Baba ya buɗe baki zai faɗi abin da ya zo da shi, kuka ya ƙwace masa.

“Kun gani ko?” in ji Gwaggo, tana dariya ƙasa ƙasa. “Haka yake tun yana goye.”

Kwana tara suka yi. Kullum yana bakin gadon, hannunta a nasa, suna hirar mutanen da ba wanda ya san su sai su biyu. Sun dawo gida da kwana huɗu ruwa ya sauka, hanya ta rufe. Sati uku bayan haka aka kira aka ce Gwaggo ta rasu.

Da yamma Manaja ya zo. Ya zauna kusa da Baba. Da zai tafi Auta ta raka shi ƙofa. Ya tsaya yana jujjuya makullin motarsa.

“Auta, ta tambaye ni?”

“Kullum, Yaya. In ta ji motsi a ƙofa sai ta ce ko kai ne.”

Ya jingina da bango, ya rufe fuskarsa da hannu.

Darasi: Kada ka raina tsohon abu, kada ka raina tsohon mutum, domin sau da yawa haƙuri da kulawa kawai suke jira. Kuma ziyarar da kake ta ɗagawa zuwa “in na samu sarari”, ka sani wanda ke jiranka ba lallai ya kai lokacin ba. Idan akwai wanda ka daɗe kana cewa za ka je ka gani, tashi ka je. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda ake sauraren sallamarsa a bakin wata ƙofa.