Gwauruwa da Hoton Mataccen Tauraro

Akwai wata gwauruwa a wani ƙauye da ke gindin dutse. Mijinta malamin makaranta ne, mai son kallon taurari. Da ya rasu, ya bar mata madubin hangen nesa da kyamara. Ya taɓa nuna mata wani wuri a sama, ya ce wani tauraro ya mutu a can ya bar hayaƙi mai haske, amma shi bai samu ya ɗauki hotonsa ba.

Da damina ta ɗauke, sai matar ta riƙa hawa dutsen kowane dare. Takan saita madubin, ta bar kyamarar tana tara haske. Da safe ta duba hoton, duhu kawai.

Sai wan mijinta ya zo ya ce, "Maman Rifkatu, mutane suna cewa baƙin ciki ya taɓa miki kai. Na leƙa da idona, babu kome a wurin. Kawo kayan nan in kai kasuwa."

Ta ce, "Yaya, sau ɗaya ka leƙa. Ni yau darena goma sha tara."

"In kin ƙi, kada ki sa ran ganin kowa daga gidanmu a gonarki."

"Na ji. Amma kayan nan ba inda za su."

Haka kuwa aka yi. Ita kaɗai ta girbe dawarta har hannuwanta suka fashe. Duk da haka ba ta fasa hawa dutsen ba.

Bayan dare arba'in, ta haɗa hotunan duka a tsohuwar kwamfutar mijinta, yadda ya koya mata. Sai ga wani zobe kore, dishi-dishi, bakinsa ja. Ta zauna ta yi kuka, sa'an nan ta kai wa wan mijin.

Ya duba ya ce, "Ɗan wannan abin?"

Ta ce, "Shi ne. Ƙarami ne, amma yana nan."

Ma'anar wannan misali ita ce: hasken nan alkawarin Allah ne, kowane dare kuma addu'a ce wadda kamar ba a amsa ba. Ba ranar da matar ta gan shi ya fara haskakawa ba. Tun daren farko yana shiga kyamarar kaɗan kaɗan. 'Yan'uwa, za a sami wanda ya leƙa sau ɗaya ya ce muku babu kome, wataƙila ma ɗan gidanku ne. Ku amsa masa da ladabi, amma kada ku miƙa masa bangaskiyarku ya kai kasuwa.